Rijiyar da muka tarar a ƙarƙashin aji

Shekarar da na bar jigilar albasa na koma tuƙa wa yayana kamiyo, babbar motar kaya, ya sami kwangilar gina azuzuwa biyu a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye da ke yankin Dogarawa. Aikina ɗauko siminti daga Malbaza, da yashi, da ruwa. Takardun kwangilar ban taɓa buɗe su ba. A ganina gini bulo ne da ƙarfe, saura kuwa surutun buro, na 'yan ofis.

Muna cikin haƙar harsashi da hantsi sai digar wani lebura ta bugi dutse, dutsen ya yi amo kamar ganga. Aka share ƙasa, sai ga falalen dutse mai faɗin tabarma. Da aka taru aka ɗaga shi, wata iska mai sanyi ta taso ta buge mu a fuska.

Rijiya ce. An jera mata duwatsu tun daga baki har iyakar inda ido ke kai, babu siminti babu laka, kowane dutse ya zauna kan ɗan'uwansa daram. Na jefa tsakuwa. Har na fid da rai, sannan muka ji ƙarar ruwa can ƙasa. Wani magini ya ce, "Allahu akbar," a hankali.

Da hankalina ya dawo na ja yayana gefe.

"Yaya, in kawo marmara mu cike ta, ko mu matsa da ginin gaba kaɗan. Damina na tafe."

"Ba ni da ikon ko ɗaya," in ji shi. "Na sa hannu zan gina nan, bisa wannan zane. Wurin na hukumar gari ne. Yarjejeniya ta ce in ƙasa ta fito da abin da ba wanda ya sani, in tsaya, in sanar da hukumar a rubuce."

"To in lokaci ya ƙure fa?"

"In na sanar, jinkirin ba nawa ba ne. In na rufe na yi shiru, ranar da bango ya tsage bisa kan 'ya'yan mutane, ni kaɗai za a nema."

Ya sa aka kewaye ramin da ƙaya, ya rubuta takarda, ya hau babur ya nufi ofishin magajin gari.

Injiniyar da ke duba aikin ta zo daga Konni, mace ce mai ƙarancin magana. Ta ari madubi wajen wata mata, ta kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ta karkato hasken rana ciki. Na leƙa ta bayanta. Hasken ya bi duwatsun yana sauka, yana sauka, har ya faɗa kan ruwa, ruwan ya ƙyalla kamar sabon kwano. A jikin duwatsun baki akwai zanen da igiya ta ci, wani har yatsana na shiga. Na yi ta tunanin hannu nawa ya ja guga a nan kafin igiya ta ci dutse haka, ga shi kuma ba wanda ya san sunan ko ɗayansu. Maigari ya aika aka kawo tsohon da ya fi kowa shekaru a garin. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai tun tasowarsa gonar gero ya sani a wurin.

Aka zauna gindin gawo. Maigari ya ce wa magajin gari, "Ranka ya daɗe, ruwan da Allah ya tone mana kada a binne shi." Injiniya ta ce ko an cike, ƙasar ba za ta ɗauki bango ba. Nan aka yi ƙari a kan yarjejeniyar: a matsa da azuzuwan zuwa gabas, a ƙara wa yayana lokaci, a sa masa ɗaure bakin rijiya da yi mata murfi cikin aikinsa. Sai da magajin gari da injiniya da shi suka sa hannu, sannan ya bari aka sake ɗaga diga. Ranar na fara ganin girman takardar nan. Mutum uku masu ra'ayi daban, rubutu ya tsayar da su kan magana guda, ba a ɗaga murya ba.

Mai haƙar rijiya da aka zura don ya yashe ta ya fito yana share laka. Ya ce akwai matakai a jikin bangon har ƙasa, ƙafarsa ta shiga kowanne kamar don shi aka yi.

Da ruwanta aka kwaɓa simintin azuzuwan, na huta da jigilar ruwa. Bayan kaka wani Bafulatani ya biyo da shanunsa ya ga mata na ɗiba. Ya tsaya ya jingina da sandarsa. Ya ce kakarsa takan ba su labarin wata rijiyar dutse a kan wannan hanya, su kuwa sun ɗauka tatsuniya ce. Aka miƙa masa guga, ya yi bisimilla ya sha, ya zuba wa shanun saura.