Ƙwai Bakwai

A kicin ɗin wata tsohuwa 'yar Italiya a unguwar Al Karama ta Dubai, inda Zakiya ta zo koyon murza taliya kafin ta wuce gida, akwai wani dattijo da ya naɗe hannun riga. Furfura ta cinye rabin gemunsa, katin wurin aiki na reto a wuyansa. Daga yadda ya ja bisimilla ta gane ɗan gida ne.

Tsohuwar ta ce ƙwai ɗaya ake fasa wa kowane mutum, kowa ya fasa daidai mutanen gidansa. Dattijon yana fasawa yana motsa leɓe kamar mai kiran sunaye, har bakwai.

"Baba, ashe iyalin suna nan Dubai?" in ji Zakiya.

"Suna Gombe, 'yata. Shekara huɗu ke nan." Ya dubi kwanon, ya murmusa. "Hannun ne bai iya na mutum ɗaya ba."

Yanzu an tashi, ga shi bakin ƙofa rungume da kula mai ɗumi cike da taliyar mutum bakwai, yana bin sunayen cikin wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Lif ɗin benen ta zo ta tafi sau biyu, bai kira kowa ba.