Jan yumɓun da ke raguwa

Ƙanwata ta zo goyon cikin fari daga Shinkafi, ta sauka gidana a Kaura, don nan Innarmu take tun da zaman ƙauyenmu na wajen Zurmi ya gagara. A lokacin na kamu da son yumɓun roba, wanda wata maƙwabciya ke taho mini da shi daga Kano, launi-launi cikin leda. Da shi nake 'yan kunne da duwatsun wuya don jin daɗina kawai. Injin taliya na ware masa, in murza shi har ya yi laushi, in yanka da reza, in huda da tsinken sakace, sannan in gasa cikin tukunya mai yashi a wuta kaɗan-kaɗan, kamar mai gashin kek.

Inna maginiya ce, ta yi rayuwarta tana ginin tuluna da kasake. Ranar da ta fara ganin kayana ta ɗauka ta sunsuna, ta ce abin da ba ya warin ƙasa ba yumɓu ba ne, wasan yara ne. Na ji haushi, amma na haɗiye.

Sai jan ya fara raguwa. Ba shuɗi ba, ba kore ba, jan nan mai kama da sabon tulu. In bar shi da gefensa sumul yadda reza ta yanke, in dawo in tarar an gutsure da farce. Ɓera ba ya buɗe leda ya mayar ya ƙulle, ni kuwa ba yara gare ni ba.

Gabana ya faɗi, don na san halin masu ciki da cin ƙasa. Ga ƙanwata kullum tana zaune gefen tabarma in ina murza, idonta ƙur a kan jan, tana haɗiyar miyau. Wannan abu roba ce zalla, ko injin da ya taɓa shi ba na bari a yi taliya da shi. In ta ci, me zai sami ɗan da ke cikinta?

Na koma mai gadi a cikin gidana. In ta yi dariya in leƙa haƙoranta, in ta miƙo mini kofi in duba farcenta. Ta ce cikinta na murɗawa, na ce shi ke nan, ta tabbata. Na tambaye ta a fakaice ko tana kwaɗayin wani abu, ta ce ɗanwake. Ɗanwake! Wallahi ban yarda ba. Na ɓoye jan cikin kwallar da ke saman kabad, inda mai tsohon ciki ba za ta kai ba, washegari na tarar an sake gutsura. Na ce wato har kujera take hawa da wannan cikin.

Raina ya ɓaci, na tare ta a tsakar gida na zazzage mata: in ba ta tausayin kanta, ta ji tausayin abin da ta ɗauka. Ta rantse, na ce ta riƙe rantsuwarta. Ta fashe da kuka ta ce za ta koma Shinkafi, tunda ɓarauniya na ɗauke ta.

Muna cikin haka wani wari ya taso daga madafa, irin na ledar da ta faɗa wuta. Na ruga. Inna ce tsugune gaban murhu, tana tono wani baƙin abu daga garwashi da tsinke, yana hayaƙi. A gefenta ga ledar jan yumɓuna.

"Inna, me kike yi?"

"Gasa mata nike," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ɗanye ba a ba mai ciki. Amma wanga naki ko ya na yi sai ya ƙone."

Ashe tun farko ita ce. A ƙauye ita ke gasa wa masu ciki 'yar ƙasa daga ramin da take haƙar yumɓu. Na tambaya ko ta taɓa ba ƙanwata ta ci. Ta ce abin da hancinta ya ƙi ba za ta sa a bakin ɗiyarta ba. Na zauna kusa da ita. Na yi mata bayani cewa roba ce, kuma ko ƙasar gaske ma'aikatan asibiti sun hana masu ciki ci. Ta ci gaba da juya baƙin abin da tsinke.

"Ina ganin tana kallonai tana haɗiyar miyau," ta ce. "Duk ɗiyan mutane na gasa musu. Tawa ta zo, ba ni da ƙasar da zan ba ta."

Ƙanwata tana tsaye bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ce ita ba ci take so ba, launin ne ke tuna mata ƙamshin sabon tulun Inna in an zuba masa ruwan farko.

Ranar kasuwa na sayo sabon tulu, na ajiye gabansu. Inna ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce bai gasu ba. Duk da haka ita ta zuba ruwan, ta riƙe wa ƙanwata bakinsa tana shaƙa.