Ƙamshin Tawada a Filinge

Jiya aka kawo mini sabon bugun mujallarmu ta tattalin arzikin man fetur, da sunayen sababbin editoci a shafin farko. Kafin in karanta sai na ga ina sansanar takardar. Ɗabi'ar tsohon shugabanmu ce, Allah ya jiƙansa. Ba ya buɗe mujalla sai ya kai ta hanci.

Shekarar babban fari ya bar mini kujerarsa, ya koma gida Filinge. Na bi motar hatsin agaji na kai masa bugun farko da babu sunansa. Na iske shi a zaure, geron gonarsa ya bushe ƙayau. Ya shaƙi takardar, ya lumshe ido, sannan ya duba shafin.

Na ce, "Baba, sunanka ba ya ciki."

Ya ce, "Ni na ce a hidda shi, ɗana. Tawadar kuwa ƙamshinta yana nan. Zo mu raba 'yar hurar nan."

Bana ni ma babu sunana, kuma hankalina kwance yake. Allah ya cika kabarinka da ƙamshin aljanna, Baba.