Tsinuwar da Hasiya ta ƙi yi

Duk wanda ya ci masar suna a Gaithersburg tun daga 2003, ta hannun Yaya Hasiya ya ci. 'Yar Funtuwa ce. Miji ya kawo ta Amurka, ciwon zuciya ya ɗauke shi, ya bar ta da yara biyu, Nasir da Ilham. Ranakun aiki tana wankan tsofaffi a gidan kula da su, Asabar da Lahadi tana bakin tanda a hidimar mutane. Ni maƙwabciyarta ce, ba labari aka ba ni ba.

Nasir ya taso da son wasan kwaikwayo, har ya samu shiga wani shirin talabijin da ake ɗauka a Washington, labarin wasu abokai baƙar fata, maza masu son maza, da soyayyarsu da rigingimunsu. Shi ma haka yake. Uwarsa ta sani, ta yi kukanta a ɗaki, ta fito ta ci gaba da zuba masa tuwo.

A shirin akwai inda uwa za ta kira shi a waya da Hausa ta tsine masa. Ba su da mai Hausa, sai ya roƙi uwarsa ta ara musu murya, fuskarta ba za ta fito ba. Ta je, aka gaya mata abin da za ta faɗa, ta ture na'urar ɗaukar murya.

"Bakin uwa bai san wasa ba," ta ce. "Ko a fim ba zan tsine wa ɗana ba."

Da aka kunna na'urar, abin da ta faɗa shi ne: "Raina a ɓace yake, amma ka ci abinci?" Haka suka bar shi.

To, Hajiya Ɗija, shugabar ƙungiyar matanmu, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo ce, murya ba ta ɓace mata, tana ji ta gane ta Hasiya ce. Abin da ya kai ta kallon shirin kuwa, oho, ita ta sani! Kafin mako ya zagayo zance ya kai garin Springfield, ya kai garin Clinton, ga bikin Ilham ya matso, an riga an raba anko.

Aka kira Hasiya gaban mata. Ina wurin.

"Maman Ilham," in ji Hajiya Ɗija, "abu mai sauƙi ne. Ki ce yaudarar ki Nasir ya yi, ki sallama shi a gabanmu, mu zo miki biki."

"Hajiya, ba a yaudare ni ba. Da ƙafata na je."

"Ki dubi 'yarki."

"Su biyun nake duba."

Wallahi washegari aka fara dawo da anko. Matan da ta gasa wa jiki da suka haihu, waɗanda ta riƙe wa yara suna makaranta, su ne ke ajiye atamfa a leda a bakin ƙofarta, ko ƙararrawa ba sa dannawa. Tir! Ba kunya ba tsoron Allah. Na tare ɗaya a wurin ajiye motoci na wanke ta tas, ban kuma yi nadama ba.

Ranar biki dangin ango suka cika ɓangarensu. Namu ɓangaren, ni ce, da Nasir, da abokan aikinsa da suka zo ɗaukar kuloli, sai kujeru. Masu kiɗa suka kira dangin amarya, Hasiya ta fita fili ita kaɗai ta taka, kai a miƙe.

Da za a tafi da amarya, Hasiya ta kama hannunta za ta sa mata albarka. Ilham ta zare hannun, kwalli ya ɓata mata fuska, ta faɗa da Turanci don kowa ya ji:

"Kalma ɗaya suka nema, Umma. Kin zaɓe shi."

Bara Ilham ta haihu a Clinton. Odar masar sunan aka yi daga wani kanti, Hasiya kuma a wayata ta ga fuskar jikarta.