Kan Mai Bigila a Gwangwanin Madara

A shekara goma sha ɗaya da na yi ina tuƙi a Riyad, ban taɓa mantawa da ranar uku ga ƙaramar sallah ba, shekarar da na koma gidan Abu Fahad. Ku da kuka zo kwanan nan ku saurara, don har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Lokacin mata ba su fara tuƙi ba, saboda haka direban gida shi ne ƙafar kowa, daga makaranta zuwa kasuwa zuwa asibiti. Kafili kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne wanda iƙamarka, wato katin izinin zamanka, take ƙarƙashin sunansa, kuma ba ka barin ƙasar sai ya yi maka bizar fita da dawowa. Ni kafilina a takarda Fahad ne, babban ɗan gidan, amma wanda nake ɗauka kullum mahaifinsa ne, Abu Fahad, tsoho mai ciwon suga da sanda, wanda muke kira Baba. Watana takwas a gidan, shekarata uku rabona da Funtuwa. Ƴata ta fari, Hadiza, an sa ɗaurin aurenta ranar Juma'a. Fahad ya yi mini biza, ya sayi tikiti: jirgin ƙarfe shida na yammacin Talata, ta Jidda zuwa Kano. Ya ce in kai motar filin jirgi da ƙarfe huɗu, zai zo ya karɓa.

Da safiyar Talatar, ina cikin ɗaure akwati, Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a falon baƙi, tsaye gaban wani kabad na gilashi da ban taɓa kula da shi ba. A ciki akwai ƴan sojoji na darma, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, da jajayen riguna, an jera su kamar ana fareti. Ya ce kowace ƙaramar sallah, rana ta uku, yakan fita neman irinsu, kuma bana mai busa bigila yake so. Na ce masa ina da jirgi da yamma. Ya kaɗa hannu ya ce awa ɗaya ce, ba ta fi haka ba. Matarsa, Mama, ta biyo mu har bakin mota tana gargaɗina kada in bar shi ya shiga rana, kuma in dawo da shi kafin azahar.

Muka fara da haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin gari. Rabin rumfunan a rufe saboda sallah. Waɗanda suke buɗe kuma ba sa baza irin wannan kaya a fili, don mutane da yawa na ƙyamar mutum-mutumi. Sai ka yi sallama, ka sha shayi, ka tambayi tsohon agogo da butar gahawa, kafin mai rumfa ya leƙa hagu da dama ya jawo leda daga ƙarƙashin tebur. Rumfa bakwai muka yi haka. Duk abin da aka fito da shi sai Baba ya ɗora a tafin hannu, ya auna nauyinsa, ya ce roba ce, ko ya ce sabon fenti ne. Ni kuwa ina biye da lema da gorar ruwa, kwaltar ƙasa tana cin tafin ƙafata ta cikin takalmi. Mama ta kira ni sau huɗu. Duk kiran sai Baba ya ce in gaya mata muna hanya.

Muka yi azahar a masallacin kasuwa. Da muka fito, wani mai sayar da tsofaffin darduma ya ce ya ji labarin wani mutuminmu a unguwar Al-Jaradiya da ya kwashe kayan wani tsohon gida a unguwar Al-Shumaisi da za a rushe, kuma an ga akwatin sojoji a ciki. Da jin Al-Shumaisi idon Baba ya buɗe, don a can aka haife shi. Na duba agogo: ɗaya saura. Na lissafa cewa in muka gama da ƙarfe biyu, zan kai shi gida, in ɗauki akwatina, in isa a kan lokaci. Na tada mota.

Mutumin da ake magana a kansa na san shi a masallaci. Malam Haruna ne, ɗan Damagaram, mai sayen tsofaffin ƙarafa, mutum mai riƙo da addini ƙwarai. Muka same shi a farfajiyarsa tsakanin matattun na'urorin sanyaya ɗaki. Muka gaisa, muka yi barka da sallah, na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya shiga ya fito da akwatin katako ya buɗe. Sojoji ne kusan arba'in, na darma na gaske, da jajayen rigunansu. Babu ko ɗaya mai kai.

Baba ya tsaya yana kallo kamar an mare shi. Malam Haruna ya yi mini bayani da Hausa, hankalinsa kwance, cewa shi ba zai kwana da gumaka a gidansa ba, shi ya sa ya sa filaya ya ɓalle kawunan. Abin da Baba ya faɗa da Larabci ba zan maimaita muku ba. Malam Haruna ya tambaye ni me tsohon yake cewa, don Larabcinsa na ciniki ne kawai. Na ce yana yaba masa da ya adana kayan. Shi kuma ya ce in gaya wa tsohon ya ji tsoron Allah, da furfurarsa yana bin ƴar tsana. Na juya na ce wa Baba, Malam yana yi masa fatan tsawon rai.

Sai Baba ya ce in tambayi ina kawunan. Suna nan. Malam Haruna ya zuba su a gwangwanin madara tare da kusoshi da guntayen darma, yana jiran ya auna su a sikeli. Aka juye gwangwanin a kan buhu. Baba ba ya iya durƙusawa, Malam Haruna ya ce shi ba zai taɓa ba. Saura wa? Ni, da sabuwar shaddata ta tafiya, na zauna a ƙasa ina tsintar kawuna masu girman ƙwayar gyaɗa, ina gwada kowanne a wuyan kowanne. Baba na zaune a kan wata tsohuwar kujera yana nuni da sanda: wannan hular ba ta wannan ba ce, wancan gashin bakin na mai doki ne. Sai da na haɗa su duka, don ya ce ba za a gane kan mai bigila ba sai an fitar da na sauran. Ƙarfe uku ta wuce muna nan.

Da na jera su, Baba ya miƙa hannu ya ɗauki mai bigila da kansa, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihu. Ya biya, ya ce in roƙi Malam Haruna ya ajiye masa sauran zuwa baɗi.

Na ce, "Baba, guda ɗaya? Bayan duk wannan?"

Ya ce, "Ɗaya a shekara, ya Salih. Haka ake yi."

Ban san lokacin da na ce da Hausa, wallahi wannan tsoho zai kashe ni ba. Malam Haruna ya yi dariya har da riƙe ciki, shi ne karo na farko da na ga haƙoransa.

A mota ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Mahaifinsu ɗan kasuwa ne mai tafiye-tafiye, kuma duk sallah yakan dawo musu da soja ɗaya, shi da ƙanensa su yi ta faɗa a kai. Da suka tashi daga Al-Shumaisi akwatin ya ɓace, ƙanen kuma ya rasu. Ya ce in ya saye su duka yau, baɗi me zai fitar da shi daga gida? Duk sauran ranakun shekara ƴaƴansa ne ke faɗa masa inda za shi, asibiti ko gaisuwar mutuwa. Na ji shi, amma gaskiya idona na kan agogo da cunkoson masu yawon sallah.

Babu lokacin sauke shi da kyau. Na tsaya ƙofar gida na jefa akwatina a but, Mama tana faɗa daga ciki, Baba ya ce ba zai sauka ba, mu tafi. Muka isa filin jirgi biyar da kwata ta gota. An rufe kantar karɓar fasinjoji. Ma'aikacin ya duba takarduna ya ce babu abin da zai iya yi, kuma ba laifinsa ba ne, doka ce. Fahad yana tsaye tun huɗu, ya harare ni ya ce, ashe haka zan yi wasa da auren ƴata?

Baba ya juyo a hankali. Ya tambayi wane aure. Fahad ya faɗa masa.

Tsohon nan ya buga sandarsa a ƙasa, ya rufe ni da faɗa a gaban jama'a, wai ni wane irin uba ne. Ya ce da safe jirgi kawai na ce masa, shi kuma ya ɗauka hutu ne irin na kowa, in ya wuce a sake wani. Ya ce, "Kana zaune a ƙasa kana nema mini kan ƴar tsana, ƴarka tana jiran ka, ba ka buɗe baki ba?" Ni da aka ɓata wa rana, ni ne kuma mai laifi. 

Bai ba ni haƙuri ba, irinsu ba sa yi. Amma washegari da kansa ya sa na kai shi ofishin tikiti, ya zauna ya ce ba zai tashi ba sai an samo mini wuri. Sai na Alhamis aka samu. Na sauka Kano da hantsin Juma'a, na ɗauki mota, na iso Funtuwa ana raba goro da alawa a ƙofar masallaci. An shafa fatiha minti kaɗan kafin in sauka. Ƙanena ne waliyyi dama, komai ya tafi daidai, amma shekara uku ina jiran in ji wannan fatihar da kunnena.

Na ƙara shekara huɗu a gidan, kuma duk sallah sai mun fita. Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Mu direbobin gida mun saba ɗaukar shiru a matsayin ladabi, muna zaton wanda ke kujerar baya ya san abin da ke cin mu. Bai sani ba. Ƙeyarka kawai yake gani, shi ma da abin da ke cin sa. Ranar da kake da wani abu mai nauyi, kada ka ce "ina da jirgi". Kashe motar, ka juyo ka dube shi, ka ce, "Baba, ƴata za a aurar."