Baƙin Bel a Gonar Dawa

Ƙarfe takwas daidai na safiyar wata Asabar a watan Agusta, mu uku ne a ajin da nake koyar da kareti a Tudun Wada: ni, da hedimasta Malam Sabi'u, da wata akuya da ta shigo fakewa ruwa. Wannan safiya ba ta taɓa fita raina ba.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗalibi yana farawa da farin bel, wato ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu, yana hawa mataki-mataki har ya kai baƙi, irin nawa. Kowane mataki sai an yi jarrabawa, jarrabawa kuma sai da atisaye. Saboda haka da aka ba da dogon hutu na yanka doka: kullum da safe, wanda ya yi fashi ba bel.

Malam Sabi'u ya dubi akuyar, ya dube ni. Ya ce, “Masta, ita ce sabuwar ɗalibar? Ka sani na ara maka ajin nan don yara ne. Idan Asabar mai zuwa na tarar da shi haka, takin zamani za a jibge a ciki.”

Kafin wannan rana na bi matakai. Da farko na yi barazana. Na biyu na sayo alawa, yara suka zo suka karɓa suka tafi. Na uku na aika musu cewa malalata ne. Mataki na huɗu, bayan gargaɗin Malam Sabi'u, shi ne na je nemansu da kaina, cikin fararen kayana, da bel a ƙugu, don su ga kwarjini.

Na same su a gonar Alhaji Tanimu, kakan Nura, ɗalibina mafi ƙwazo. Ashe gayya ake yi, ana yi wa dawa huɗa, kusan rabin ajina na can. Na durƙusa na gaida Alhaji, sannan na bayyana masa, bi da bi, cewa yaran nan ba su da juriya.

Ya ce, “Juriya? To madalla, ga mai koyar da ita Allah ya kawo. Nura, ba malaminka garma. In ya kai bakin gona tare da ku, ya kwashe ku ku tafi.”

Ni ɗan tela ne, a kanti na tashi, amma ban faɗa ba. Na gyara tsayuwa irin ta kareti, na yi ihun da muke yi kafin naushi, na sara ƙasa. Sara na farko ya tafi da dawa biyu. Ban kai tsakiyar gona ba bayana ya riƙe. Na tsaya a sunkuye, na kasa miƙewa, na ji bakina ya ce, “Wayyo bayana!”

Nura ya matso, fuskarsa a murtuke kamar tawa, ya ce, “Masta, lanƙwasa gwiwa. Numfashi ta hanci. Ba a kuka a filin atisaye.” Maganata ce, kalma da kalma. Gona ta kaure da dariya. A amalanken shanu aka mayar da ni gida, farin kaya ya koma ja.

Washegari da la'asar sai ga su a ƙofar gidana, wai sun zo dubiya. A nan muka yi yarjejeniya. Safiya ta gona ce, atisaye bayan la'asar. Ranar gayya kuma zan je, su ne malamai, ni ne farin bel. Asabar ta zagayo, Malam Sabi'u ya leƙo da yamma ya ga aji cike, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Sun zo kallon mutumin da garma ta kayar, daga baya wasunsu suka zauna. Takin, wani ɗaki aka nema masa.

Abin da na koya shi ne, yaron da ya wuni a gona ba ya buƙatar a koya masa juriya, lokaci kawai yake so, da ɗan abin dariya.

Roƙona gare ku, ƙannena masu koyarwa: kafin ku tsara atisayen hutun damina, ku je ku tambayi iyaye yaushe ake tashi daga gona. Kuma in kun zo Tudun Wada kuka ji yara na kiran wani “Masta Wayyo”, don Allah kada ku taya su. Ku dai gaishe ni.