Mutumin da Safiyatu Ke Kira Likita

A babbar kasuwar Sokodé, layin masu albasa, akwai wata doguwar mata mai ɗan ɗingishi da ake kira Safiyatu 'Yar Dapaong. A zangon Dapaong aka haife ta, aure ya kawo ta unguwar Didawure, gidan Malam Issa tela. Fiye da shekara ashirin ke nan tana hawa manyan motoci zuwa arewa, ta saro albasa da tumatir a kasuwannin Nano da Cinkassé ta sauke a Sokodé. Ba ta yi boko ba. Manoma sun san ta da abu ɗaya: in ta ce ta ɗauki kaya, to ta ɗauka, ko da za su ruɓe mata a hanya.

Autarta Madina a hanyar fatauci ta zo duniya. Naƙuda ta kama Safiyatu ranar kasuwar Nano, aka kai ta wani ƙaramin asibiti, bayan haihuwa jini ya ɓalle mata. Mai farar rigar da ke aiki ranar, wani mutum mai suna Yasin, shi ya tsaya a kanta har jinin ya tsaya. Tun daga nan ba ta kiransa da komai sai Likita, kamar yadda duk zango ke kiransa. Kowace babbar salla sai buhun albasa ya isa ƙofar gidansa a Dapaong.

Bana Madina ta ci bak, jarrabawar gama lise, wato sakandare, a ɓangaren kimiyya. Ta ce likitanci za ta karanta a jami'a. Ba a shiga sai an ci konkur, jarrabawar tantancewa wadda ake ɗaukar kaɗan a bar da yawa. Ta miƙa takardunta, saura mako takwas a zauna. Duk yaron da ke da niyya yana neman inda zai yi darasin share fage, ita kuwa Madina ta riga ta zaɓa. Akwai wani tsohon malamin kimiyya, Mushe Abdulrauf, Mushe wato Malam a Faransanci, da ke aron aji a wata firamare ta unguwar Komah, ba ya ɗaukar fiye da mutum talatin.

"Mma, wajen Mushe Abdulrauf nake so in je."

"Wancan mai alli a gemu? Ya taɓa yi wa ko akuya allura?"

"Ba allura za a tambaye mu ba, Mma. Lissafi ne da kimiyya."

"In fawa kike son koyo, wajen mahauci za ki. Wanda ya zana saniya a allo bai san inda hanta take ba."

Safiyatu ta ji labari Yasin ya yi ritaya, ya buɗe darasi a zauren gidansa. Nan take ta buga masa waya.

"Likita, an ce kana shirya yara masu son zama likitoci?"

"Ina yi, Safiya. Bara tara suka ci a hannuna."

"To ga 'yarka nan zuwa. Kai ka fara ɗaukarta a duniya, kai za ka ƙarasa."

Malam Issa ya ɗago kai daga keken ɗinki ya ce, "An dai tambaya da kyau?"

"Malam, ka ji da wandon mutane. Wannan na gama shi."

Ita da kanta ta kai Madina Dapaong, ta sauke ta gidan ƙanwarta, ta dawo ta shaida wa duk layin albasa cewa 'yarta tana hannun likita na gaske.

Kwana tara bayan haka, ranar Laraba da hantsi, waya ta yi ƙara tana cikin auna wa wata mata albasa. Madina ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mma, ki matsa inda babu mutane."

Safiyatu ta zagaya bayan buhuna. Madina ta ce tun makon farko ta ga darasin ya yi mata sauƙi, ta yi shiru don kunya. Yau aka raba musu tambayoyin shekarun baya, ta karanta kan takardar. Jarrabawar shiga makarantar infirmiye ce da ta sajfam, wato masu jinya da ungozomomi. Ta tambayi yarinyar da ke kusa da ita, ta ce ai duk ajin abin da suke nema ke nan.

"To ba duk likitoci ba ne?"

"A'a, Mma. Konkur ɗinsu daban, makarantarsu daban. Abin da za a tambaye ni, ba a koya shi a nan."

Safiyatu ta dafa buhu. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta tari ɗan mashin zuwa Komah. Ta tarar da Mushe Abdulrauf yana goge allo, siririn mutum mai tabarau, ba ya kallon wanda yake magana da shi. Ta yi masa bayani a tsaye daga bakin ƙofa.

"Wuri ɗaya ya rage, wani yaro ya tafi Lomé," in ji shi. "Mutum huɗu ke nema. Jumma'a ƙarfe uku zan gwada su a allo, wanda ya fi ya zauna. Wanda ba ya nan, ba ya nan."

"Mushe, tana Dapaong."

"Ni na kai ta?"

Da ta koma gida Malam Issa ya ce a buga wa yarinya waya ta hau mota gobe, shi ke nan. Safiyatu ta ce ba za ta zare 'yarta daga hannun mutumin nan kamar ɓarauniya ba. Da bakinta ta ba shi, da bakinta za ta karɓa. Suka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe ya ce, "To je ki, amma ki tuna Jumma'a ba ta jiran kunyarki."

Ranar Alhamis motar ba ta cika da wuri ba, ga ruwa tun daga Bafilo. Sai bayan la'asar ta isa Dapaong. Ta wuce gidan Yasin ko ƙafa ba ta wanke ba. Yara sun tashi, saura Madina a kan benci, shi kuma yana tattara takardu. Ya tsufa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, har aka tambayi damina da jikoki, ta kasa shiga maganar. Sai ta faɗe ta kawai.

"Likita, don Allah, kai ba likita ba ne?"

Madina ta sunkuyar da kai. Yasin ya ajiye takardun a hankali.

"Infirmiye ne ni, Safiya. Shekara talatin da ɗaya. A Nano babu likita a lokacin, sai an je Dapaong. Da farko ina gyara wa mutane, na ga ba a ji, na bari." Ya juya wajen yarinyar. "Ke medesin kike nema, likitancin jami'a? Fakulte?"

"E, Baba."

"Subhanallahi. Kwana goma kina zaune gabana ba ki faɗa ba? Ni kuma ina ta mamakin yadda kike gama aiki kafin in zauna." Ya shafa fuska. "Uwarki ta ce likita, na ji da kunnen zango. Laifina ne da ban tambaya da Faransanci ba."

Safiyatu ta ce, "Ni na zo in karɓe ta. Ban taɓa janye magana ba, yau zan janye, kuma a gabanka. Ka yafe mini."

"Tsaya tukuna. Zauna." Ta zauna a bakin benci. "Ba don in riƙe ta ba, amma ku ji gaskiya. In ta tsaya nan, ba a rufe karɓar takardun sajfam ba, kuma na rantse yarinyar nan za ta ci. Shekara uku ta fara aiki. Can kuwa ta rasa mako biyu, wurin ma ba nata ba ne tukuna, kuma 'ya'yan Lomé da Kara sun daɗe da fara shiri. In ta faɗi, ta rasa nan ta rasa can, sai baɗi."

Safiyatu ta buɗe baki za ta yanke hukunci yadda ta saba, sai ta rufe. Ta dubi 'yarta.

"Na zaɓa miki sau ɗaya, kin ga inda na kai ki. Ke faɗi."

Madina ta daɗe tana murɗa bakin mayafinta. "Baba, ka yi haƙuri. Ina so in gwada."

Yasin ya gyaɗa kai. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon littafin sassan jiki, bangonsa ya sha salatif, ya miƙa mata. "Tashar mota da asuba. Kada ku hau ta Mango, tana tsayawa ko'ina."

Sun hau ta farko, amma a gangaren Kanté wata babbar mota ta kafe a tsakiyar hanya, aka yi awa biyu ana jira. Madina ta buɗe littafin lissafinta a cinya tana bi da yatsa, Safiyatu kuwa kowane minti biyar sai ta tambayi direba ƙarfe nawa, har ya ce, "Hajiya, in kin sake tambaya zan sayar miki da agogon." Babu wanda ya yi dariya. A Kara aka sauke kaya, aka tsaya sallar Jumma'a. Uku saura kwata suna shiga Sokodé. Suka bar jakar Madina wajen mai shayin tasha, suka hau mashin biyu.

Uku da minti goma suka isa. Yara uku sun riga sun gama, na huɗu yana tsaye a allo ya maƙale. Mushe Abdulrauf ya dubi agogonsa, ya dubi laka a ƙafafunsu.

"Na ce uku."

"Mushe," in ji Safiyatu, numfashinta na sama, "latti nawa ne, ba nata ba. Tun farko nan ta ce za ta zo, ni na hana. Na ce ba ka taɓa yi wa akuya allura ba."

Ajin ya fashe da dariya, malamin bai yi ba. Ya ciro alli ya miƙa wa Madina ba tare da ya kalle ta ba, ya nuna tambayar da ta kayar da yaron. Tana ɗora shi a allo, allin ya karye. Ta ɗauki guntun ta fara. A layi na huɗu ta tsaya, ta goge da tafin hannu, ta sake. Safiyatu na riƙe da ƙarfen taga, ba ta gane ko alama ɗaya ba, fuskar malamin kawai take karantawa.

Madina ta ja layi ƙarƙashin amsa ta ja da baya. Malamin ya daɗe yana duban allon.

"Hanyarki doguwa ce, a konkur za ta cinye miki lokaci. Amma daidai ne." Ya buɗe rajista. "Benci na ƙarshe, kusa da taga. Darasin mako biyu da kika rasa, ki kwafe kafin Litinin. Hajiya, ke kuma ki saki tagar nan, kina tare mana iska."